Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Nasiha ga Matasa Kan Adana Wasiƙun Imel



A ɗakin mahaifina akwai wata koriyar adaka ta ƙarfe da ke zaune a ƙarƙashin gado. Idan aka buɗe ta, ƙamshin kafur ne ke fara tarbar mutum, sannan takardu: ta gona, rasit ɗin keken da ya saya tun ban zo duniya ba, takardar haihuwar kowannenmu, da wasiƙun ƙaninsa da ya yi zaman Sudan a hanyarsa ta Makka, an ɗaure su da zare. Ranar da rigimar iyakar gona ta taso, bai tsaya dogon bayani a gaban mai unguwa ba. Ni ya aika na ɗauko takarda daga adaka, aka karanta a gaban kowa, magana ta mutu.

Ku ma kuna da adaka, ita ce akwatinku na imel. A ciki takardar shigarku jami'a take, da rasit ɗin kuɗin makaranta, da takardar ɗaukar aiki, da sanarwar banki, da yarjejeniyar da kuka ƙulla da mai turo muku kaya daga Legas ko Kwatano. Sai dai adakar mahaifina a ɗakinsa take, makullinta a aljihunsa. Taku kuwa tana cikin kwamfutocin wasu mutane, a ƙasar da wataƙila ba ku taɓa takawa ba, kuma su ke da ikon rufe ƙofa. Wasiƙar da ba ku da kwafinta a hannu aronta aka ba ku, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Manhajojin wasiƙa da ake ɗorawa a kwamfuta, irin su Outlook da Thunderbird da Apple Mail, kowacce tana da ƙofofi biyu da mutane ke wucewa ta gabansu kullum ba su taɓa turawa ba. Ɗaya ta fitar da wasiƙu ce zuwa fayil, ɗaya ta shigo da su daga fayil. A kan ƙofofin nan biyu nake so mu zauna yau, domin duk wanda ya san yadda ake buɗe su ya mallaki wasiƙunsa.

Ni da tsada na sayi wannan karatu. A zamanin Windows XP, kwamfutata ta fara ciwo, tana aiki sai ta ɗauke da kanta. Na kai ta wani shago a kasuwa, mai gyara ya duba ya ce sai an yi mata fomatin. Na ce to, amma ya kwashe mini takarduna tukuna. Ya kuwa kwashe duk abin da ido ke gani: rubuce-rubucena, hotuna, karatun Alƙur'ani da na tara. Da la'asar na karɓo ta tana gudu kamar sabuwa. Na zo gida na buɗe Outlook, sai na tarar da shi wayam, kamar gidan da aka tashi. Wasiƙun shekara huɗu babu ko ɗaya. Ashe duk a cikin fayil guda suke, shi kuma yana cikin wata ɓoyayyiyar folda da Windows ba ya nunawa sai an nema. Ban ga laifin mai gyara ba, abin da na ce ya kwashe shi ya kwashe. Takardun aiki na roƙi abokai suka sake turo mini wasu. Amma a cikin abin da ya tafi akwai wasiƙun malamina, wanda yake bin rubutuna layi-layi yana gyarawa, yana faɗa mini inda na yi gaggawa da inda na yi kasala. Shekara na zagayowa Allah Ya yi masa rasuwa. Har yau idan na zauna rubutu nakan so in sake karanta ko guda ɗaya. Don haka idan gemun ɗan'uwanku ya kama da wuta, ku shafa wa naku ruwa.

Kafin komai, ku san ta wace hanya wasiƙa ke isowa kwamfutarku, domin hanyoyin biyu ne kuma halinsu ya bambanta. Ta farko sunanta POP. Ita kamar ɗan aike ce da zai je gidan waya ya kwashe abin da ke akwatinka kaf ya kawo maka gida. Idan ba a ce masa ya bar kwafi a can ba, to abin da ke kwamfutarka shi kaɗai ne ya rage a duniya. Wannan ita ce ta ci ni. Ta biyu sunanta IMAP, wadda wani masani mai suna Mark Crispin ya ƙirƙira a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1986. Ita kamar madubi ce: wasiƙun suna can a saba, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke riƙe da akwatinka, kwamfutarka da wayarka suna nuna maka abin da ke can ne kawai. Yawancinku a kan wannan kuke yau.

Na san wani zai ce, ai shi ke nan, tunda nawa suna Gmail, ko kwamfuta ta ƙone ba abin da ya dame ni. Ɗan'uwa, madubi ba ya ajiya. Abin da aka share a waya ya sharu a kwamfuta, ya sharu a saba, kuma Gmail yana zubar da abin da ke kwandon shara bayan kwana 30. Idan ɓarawon intanet ya samu kalmar sirrinka ya canza ta, ya raba ka da akwatin. Idan layin wayar da ka yi rajista da shi ya ɓata, dawo da akwatin kan zama aiki. A 2023 kamfanin Google ya sanar cewa zai iya share duk asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba. Giga 15 ɗin da yake bayarwa kyauta kuwa rabawa ake tsakanin wasiƙu da hotuna da sauran ajiya, idan ya cika sababbin wasiƙu su daina shigowa, mutum ya hau share-share cikin gaggawa har ya share abin da zai nema gobe. Adireshin makaranta ko na ofis ma ya fi wannan rauni, domin ranar da ka gama karatu ko ka bar aiki ana iya rufe shi. Hatta manhajojin kansu suna tsufa su mutu. Outlook Express ya tafi tare da zamanin Windows XP, Windows Live Mail ya bi bayansa a 2017, manhajar Mail da ke zuwa da Windows ita ma Microsoft ya daina kula da ita a ƙarshen 2024. Kowace ta tafi, sai ta bar mutane riƙe da fayilolin da ba su san da me za su buɗe ba.

To, a cikin wane irin buhu ake zuba wasiƙu idan za a fitar? Ku riƙe sunayen nan, ba su da yawa. Outlook yana zubawa a fayil mai suna PST, buhu guda da ke ɗaukar wasiƙu da sunayen abokan hulɗa da kalanda gaba ɗaya. A da giga 2 kawai yake ɗauka, idan ya kai nan ya fara lalacewa, amma tun daga Outlook na 2010 iyakarsa ta zama giga 50. Yana da ɗan'uwa mai kama da shi, OST, kuma a nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe. OST inuwar abin da ke saba ce, an ɗaure ta da asusun da ya haife ta. Wanda ya kwafe ta ya ajiye yana ganin ya yi tanadi, ranar buƙata Outlook ba zai karɓe ta ta ƙofar shigowa ba. Thunderbird kuwa, wanda gidauniyar Mozilla ta fitar a 2004 kuma kyauta ne, yana amfani da tsarin mbox: kowace folda fayil guda ce, wasiƙu jere a ciki wata bayan wata. Apple Mail ma mbox yake fitarwa. Idan wasiƙa ɗaya tak kake son adanawa, akwai EML, wanda kusan kowace manhaja ke buɗewa. Sunaye da lambobin waya kuma ana fitar da su a vCard ko CSV.

Yanzu ga aikin kansa. Mataki na farko, wanda aka fi mantawa, shi ne tabbatar da cewa wasiƙun sun sauko kwamfutar gaba ɗaya. Manhaja ba ta iya fitar da abin da ba ta da shi. Sau da yawa Outlook yana riƙe da wasiƙun 'yan watannin baya ne kawai, sauran ya bar su a saba. Ka shiga saitin asusu ka ce ya sauko da duka, ka nemi wurin da intanet ke da ƙarfi da wuta tsayayya, ka ba shi lokaci ya gama, ko da zai kwana yana yi. Bayan nan, a Outlook ɗin da ke zuwa tare da Word da Excel, ka danna File, ka shiga Open & Export, ka zaɓi Import/Export, ka ce fitarwa za ka yi zuwa fayil ɗin PST. Ka zaɓi sunan asusun daga can sama, kuma ka tabbata alamar haɗawa da ƙananan foldodi tana nan, don kada ka ɗauki akwatin shigowa kaɗai ka bar wasiƙun da kai ka aika, alhali su ne rabin kowace magana. A Thunderbird, duk rayuwar manhajar tana cikin folda guda da ke ɗauke da wasiƙu da saiti da littafin adireshi. Ka rufe manhajar tukuna, sannan ka kwafe foldar sukutum. Wanda kuma duk harkarsa a Gmail take, Google Takeout zai haɗa masa wasiƙunsa a mbox ya turo masa hanyar saukewa, wadda ke mutuwa bayan kamar mako guda, saboda haka kada a yi jinkiri.

Ka raɗa wa fayil ɗin suna mai ma'ana: sunan asusun da shekara da wata. Bayan shekara uku, idan ka tarar da fayiloli biyar duk sunansu ɗaya, ba za ka san wanne ne wanne ba.

A nan ne nake so ku ƙara kasa kunne, domin nan ne zuciyar maganar. Fitarwa rabin aiki ce. Manomin kirki ba ya zuba hatsi a rumbu ya liƙe ya tafi sai bazara. Yakan buɗe lokaci-lokaci ya zura hannu, ya ga ko gara ta shiga, ko ruwa ya yi ɓarna. Fayil ɗin da ba ka taɓa shigo da shi ka gani da idonka ba, zato kawai kake yi cewa akwai wasiƙu a ciki. Wuta kan ɗauke ana tsakiyar fitarwa, filash kan zama na jabu, fayil ya nuna girma alhali cikinsa ya ruɓe. Gani ya kori ji. Ka ɗauki fayil ɗin ka kai wata kwamfutar, ko ka buɗe shi a taka a gefe guda. Outlook yana ba da damar buɗe PST a duba ba tare da an gauraya shi da akwatin yau da kullum ba. A Thunderbird kuma, idan ka rufe manhajar ka ajiye fayil ɗin mbox a cikin foldar wasiƙun gida, da ka sake buɗewa za ka gan shi ya fito a jerin foldodi. Sai ka gwada abu huɗu. Ka duba yawan wasiƙun ko ya yi daidai da na asali. Ka nemo wadda ta fi kowace tsufa. Ka buɗe takarda biyu ko uku daga cikin waɗanda aka maƙala wa wasiƙu. Ka kuma duba ranakun ko suna nan yadda suke. Idan huɗun nan sun cika, to ka yi ajiya.

Ranar da ka sayi sabuwar kwamfuta kuma za ka shigo da su da gaske, Outlook zai tambaye ka yadda zai yi da wasiƙun da suka maimaitu. Ka ce kada ya shigo da wadda take nan, in ba haka ba kowace wasiƙa za ta zama tagwaye. Ku kuma sani Outlook ba ya karanta mbox, Thunderbird ma ba ya buɗe PST kai tsaye. Kada wannan ya sa ku faɗa hannun kowace manhajar juya fayil da kuka tsinta a intanet, ku miƙa mata asirinku. Akwai gada mai sauƙi: ka haɗa manhajojin biyu da asusun IMAP guda, ka jawo foldodin daga tsohuwar zuwa cikin asusun kaɗan-kaɗan, za su bayyana a sabuwar da kansu.

Akwai wasu ramuka biyu da suka shafe mu musamman. Na farko haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Idan ka fitar da sunaye a CSV ka buɗe da Excel kai tsaye, sau da yawa za ka ga Ɗanladi da Ƙasimu sun koma wasu alamomi marasa kan gado, kuma idan ka adana a haka, lalacewar ta zauna. Maganinsa shi ne zaɓar tsarin haruffa na UTF-8 wajen fitarwa da wajen shigowa. Na biyu, Excel yana ɗaukar lambar waya a matsayin lissafi, sai ya cinye sifirin farko, 0803 ta koma 803 a lambobi ɗari biyar lokaci guda. Shi ya sa na fi son vCard wajen sunaye. Ga kuma na uku da ya shafi kowa: filash ɗin da ke kan tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga 4, ko da akwai fili a cikinsa. Sai an mayar da shi exFAT, kuma mayarwar tana share abin da ke ciki, don haka a kwashe tukuna.

Ina za a ajiye? Masana ajiyar bayanai suna da ƙa'idar da suke kira uku, biyu, ɗaya: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Kwafin da ke cikin kwamfutar da ka fitar da shi, tare za su tafi ranar da ɓarawo ya ɗauke ta ko wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona ta. Ka sa ɗaya a faifan ajiya na waje, ɗaya kuma a gidan iyaye ko wajen ɗan'uwan da ka amince da shi. Ka tsayar wa kanka lokacin sabuntawa da ba za ka manta ba, ko duk bayan wata uku, ko aƙalla duk bayan salla ƙarama da babba.

Sai dai ku tuna, wannan fayil asirinku ne a dunƙule. Fayil ɗin mbox rubutu ne a fili, duk wanda ya tsinci filash ɗin zai karanta ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba. Makullin da Outlook ke sa wa PST ma mai rauni ne, bai wuce sakatar kara ba. Ku kulle shi da abin da ke rufe bayanai da gaske, kamar BitLocker ko 7-Zip, da kalmar sirri doguwa. Kada ku bar shi a kwamfutar shagon intanet ko ta aboki. Kuma kafin ku miƙa kwamfuta ga mai gyara, ku fitar da ajiyarku da hannunku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma batun amana, wanda ya fi duk dabarun nan nauyi. Iya buɗe ƙofa bai halatta maka ɗaukar duk abin da ke ɗaki ba. Wasiƙun ofis na ofis ne. A cikinsu akwai bayanan abokan ciniki, da albashin mutane, da asirin waɗanda suka amince da ma'aikatar. Idan za ka bar aiki, kada ka cika filash da su ka fice. Ka nemi izini a rubuce kan abin da ya shafe ka, kamar takardar ɗaukarka aiki da ta ƙarin girma da ta albashi, sauran ka miƙa wa magajinka a tsare, folda-folda, yadda kai ma za ka so a miƙa maka. A Nijeriya akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, amma tun kafin doka tarbiyyar gidajenmu ta hana mu buɗe wasiƙar wani. Hanya mafi sauƙi ita ce tun farko kada ka haɗa harkar gidanka da adireshin ofis.

Masu kasuwanci a cikinku, ku ƙara da wannan. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Yau da yawa daga cikin alƙawuranku a imel ake ƙulla su, kuma Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011, a sashe na 84, ta buɗe wa bayanan kwamfuta hanyar shiga kotu bisa sharuɗɗa. Hoton fuskar waya ba ya ɗauke da abin da cikakkiyar wasiƙa ke ɗauke da shi. A saman kowace wasiƙa akwai wasu layuka ɓoyayyu da ke nuna daga inda ta taso, da sabobin da ta ratsa, da lokacin da ta isa kowanne. Fitarwa a EML ko mbox tana adana wannan duka. Ranar da gardama ta taso, ita ce takardar da za ka aika a ɗauko daga adaka.

Mu ba baƙin wannan aiki ba ne. Nasihar da Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15 ta iso gare mu ne saboda malamai sun yi ta kwafarta da tawada da alƙalamin kara, hannu bayan hannu. Wasiƙun da aka yi musaya tsakanin shugabannin Sakkwato da Shehu Laminu na Borno, Muhammadu Bello ne ya shigar da su cikin Infaƙul Maisuri a 1812, shi ya sa har yau ɗalibai ke nazarin hujjar kowane ɓangare. Gidan Arewa da ke Kaduna, tun kafa shi a 1970, aikinsa ke nan, tattara irin waɗannan takardu da adana su. Waɗancan bayin Allah sukan yi makonni suna kwafar abin da kwamfutarku za ta kwafe kafin shayi ya huce. Idan jikokinmu suka nemi wasiƙun zamaninmu suka rasa, ba za mu ce kayan aiki ne suka gagare mu ba.

Saboda haka ga aikin da na ba ku, kuma kada ya wuce wannan mako. Ku ware yamma guda. Ku sauko da wasiƙunku duka, ku fitar da su, ku raɗa wa fayil ɗin suna, ku shigo da shi ku gani da ido, ku kulle, ku kai kwafi ɗaya wani gida. Idan kun gama naku, ku je wajen baba ko inna ko kawu da ke da akwatin imel bai san yadda ake wannan ba, ku yi masa nasa. Kuma yayin da kuke dubawa, idan kuka ci karo da wasiƙar wani malaminku ko wani dattijo da ya taɓa zama ya rubuto muku kalmomin gyara, ku fitar da ita daban, ku buga ta a takarda, ku sa a adaka. Ni na rasa tawa. Ku taku tana nan, guntun gatarinku kuwa ya fi sari ka ba ni.

Allah Ya yi muku albarka, Ya sa ku zama masu riƙon amana, ta mutane da ta kanku.